Gidan da Banki Ya Ƙwace da Gidan da Bashi Ya Fi Ƙarfinsa: Wanne Matashi Zai Saya a Amurka?

Ranar Talatar farko ta kowane wata, tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma, ake gwanjon gidajen da bashi ya ci a jihar Texas. Doka ce ta tsayar da ranar, kuma ita ce ta ce a liƙa sanarwa kwana 21 kafin nan. Mai gwanjo zai tsaya a harabar kotu ko wurin da hukumar yanki ta ware, ya karanto bayanin fili da sauri, masu saye suna tsaitsaye kowa da cekin banki a jaka. Cikin 'yan mintoci gidan da wasu iyali suka yi shekara goma suna biya ya bar hannunsu. Jihar Jojiya ma ranar Talatar farko take nata gwanjon, bayan an buga sanarwa a jarida mako huɗu a jere. A mafi yawan lokuta babu ko mutum ɗaya cikin masu tayin da ya taɓa leƙa cikin gidan, kuma sau da yawa masu gidan suna ciki a daidai lokacin da ake sayar da shi.

Labarin irin wannan gwanjo ya daɗe yana yawo tsakanin matasan Hausawa mazauna Amurka: 'yan Najeriya a Houston, 'ya'yan zangon Ghana a Bronx ta New York, 'yan Nijar a Greensboro ta jihar North Carolina. Saurayi ya yi shekaru yana tuƙin haya dare da rana, ko budurwa ta gama karatun jinya tana aikin kwana a asibiti, an yi adashi an tara abin da aka tara, haya kuma kullum sai tashi take. Sai ga bidiyo a YouTube ko TikTok, wani yana nuna gidan da ya ce ya saya da rabin kuɗinsa. Dole rai ya biya. Neman araha ba laifi ba ne, kuma akwai waɗanda suka mallaki gida ta wannan hanya suka ji daɗi. Sai dai kafin matashi ya tambayi farashi, akwai abin da ya kamata ya fara sani: wa ke sayar da gidan, za a bar shi ya shiga ya duba, kuma wane bashi ne zai biyo gidan zuwa hannunsa. Amsoshin nan su ne suka raba gidan ƙwace da wanda ake sayarwa ƙasa da bashin da ke kansa, wanda dillalan can ke kira shot-sel, a nan kuma za a kira shi cinikin giɓi.

Yawancin Amurkawa da bashin shekara 30 suke sayen gida, gidan kansa kuma shi ne jinginar bashin. Idan mutum ya daina biya, ƙa'idar tarayya da ta fara aiki a 2014 ta hana mai karɓar bashin ya soma shirin ƙwace gida sai biya ya makara fiye da kwana 120. Daga nan hanya ta danganta da jiha. A New York da New Jersey da Florida da Illinois sai banki ya je gaban alƙali, shari'ar kuma tana iya cin shekaru. A Texas da Jojiya da Kalifoniya galibi ba a bi ta kotu, saboda haka abin yana sauri. A ce ana bin mutum dala 260,000, gidan kuma a kasuwar yau bai wuce dala 220,000 ba. Ko ya sayar, kuɗin ba zai rufe bashin ba. Yana iya zama har a ƙwace, ko kuma ya nemo mai saye da kansa, ya roƙi banki ya karɓi abin da ya samu ya saki gidan. Na farkon shi ne ƙwace, na biyun cinikin giɓi.

Duniya ta san waɗannan abubuwa ne a rikicin 2008, shekarar da bankin Lehman Brothers ya durƙushe a watan Satumba. Daga 2006 zuwa 2012 farashin gidaje a faɗin Amurka ya zube da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, a Las Vegas da Phoenix kuwa ya faɗi da fiye da rabi. A 2010 kaɗai gidaje kusan miliyan 2.9 ne aka shigar da takardun ƙwace a kansu, bankuna kuma suka karɓe fiye da miliyan ɗaya. A wancan lokaci gidaje wajen miliyan 11 bashin da ke kansu ya fi darajarsu. Yawancin labaran arahar da ake ji yau daga waɗannan shekaru suka samo asali, haka kuma yawancin darussan da suka fi ɗaci.

Gidan ƙwace iri biyu ne, kuma matasa da yawa suna haɗa su wuri ɗaya. Akwai wanda ake gwanjonsa a bainar jama'a. Akwai kuma wanda aka yi gwanjon bai samu mai saye ba, ya koma hannun banki, banki ya ba dillali ya sa shi a kasuwa kamar kowane gida. Tazarar haɗarin da ke tsakaninsu babba ce.

Sayen gida a gwanjo cinikin biri a sama ne. Mai tayi yana iya zagayawa da mota ya kalli gidan daga titi, ya ga rufi da tagogi da ciyawar ƙofar gida, iyakarsa ke nan. Ba zai san ko tushen ginin ya tsage ba, ko ruwa ya kwanta a ɗakin ƙasa, ko an cire na'urar ɗumama ɗaki an sayar. Malaman fiƙihu ba su hana gwanjo ba, amma sun yi dogon bayani a kan garari, wato sayen abin da ba a san haƙiƙaninsa ba, kuma matashin da ya yi karatun Islamiyya ya san dalilin: jahiltar abin da aka saya ita ce ke haifar da cuta da jayayya. Bayan haka ga batun kuɗi. A Texas ana biya a ranar. A Florida, inda yankuna da dama suka mayar da gwanjon kan intanet, wanda ya yi nasara zai ajiye kashi 5 cikin 100 nan take, ya cika sauran cikin ɗan gajeren wa'adi, in ya gaza abin da ya ajiye ya tafi. Babu bankin da zai ba da bashin sayen gidan da ba a duba ba, ba a ƙiyasta darajarsa ba. Ke nan duk abin da mutum ya tara a rayuwarsa zai zuba a wuri ɗaya.

Waɗanda zai yi gogayya da su kuma ba sa'anninsa ba ne. Daga 2012 kamfanin Blackstone, ta hannun reshensa Invitation Homes, ya kashe kusan dala biliyan 10 ya sayi gidaje wajen 50,000 don ya ba da haya, da yawansu a irin wannan gwanjo. Ƙananan 'yan kasuwar da suka shekara a harkar su ma suna da lauyoyi da masu binciken takardu da magina. In gida mai kyau ne, za su yi tayi har ya kusa farashin kasuwa. In suka yi shiru suka bar wa baƙo, to akwai abin da suka sani wanda shi bai sani ba. Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta gurfanar da gomman 'yan kasuwa a arewacin Kalifoniya, da wasu a Jojiya da Alabama, bisa laifin haɗa baki a gwanjon gidaje: su ƙi yin tayi a fili, gida ya faɗi da araha, sannan su koma gefe su sake gwanjonsa a tsakaninsu su raba riba.

Abin da ya fi cin sababbin shiga shi ne jerin basussuka. Gida ɗaya yana iya ɗauke da bashin banki na farko, da na biyu, da harajin gida da ba a biya ba, da kuɗin ƙungiyar masu gidajen unguwa, da kuɗin ɗan kwangilar da ya gyara rufi ba a sallame shi ba. Ƙa'idar ita ce, gwanjo yana share basussukan da ke ƙasa da wanda ya kira gwanjon, amma waɗanda ke samansa suna nan daram a kan gidan. Harajin gida kusan kullum shi ne a sama. A Florida mutane da dama sun ga gida mai darajar ɗaruruwan dubban daloli ana gwanjonsa a kan 'yan dubbai, suka yi wuf suka saya, ba su lura cewa ƙungiyar unguwa ce ta kira gwanjon saboda kuɗinta na wata-wata ba. Bashin banki na farko bai motsa ba. Bayan 'yan watanni banki ya zo ya ƙwace gidan daga hannun sabon mai shi, kuɗinsa kuma ya tafi ke nan.

A 2019 jaridun Florida suka ɗauki labarin wani sabon shiga da ya biya dala 9,100 a gwanjon intanet na harajin da ba a biya ba a yankin Broward, yana zaton gidan da ya gani a hoto, mai darajar dala 177,000, shi ya saya. Ashe wani siririn fili ne mai faɗin ƙafa ɗaya da tsawon ƙafa 100 da ya ratsa tsakanin gidaje biyu. Bayanin yana nan a takardun hukuma ga wanda ya iya karanta su, hukumar kuma ta ce doka ba ta ba ta damar mayar da kuɗin ba.

Ko an yi sa'a babu bashi, saye ba shi ne shiga ba. A Michigan da Minnesota tsohon mai gida yana da wata shida a mafi yawan lokuta da zai iya biyan kuɗi ya fanshi gidansa bayan gwanjo, kuma yana da damar zama a ciki har wa'adin ya cika. Idan hukumar harajin tarayya tana bin mai gidan bashi, ita ma tana da kwana 120 da za ta iya fansar gidan. Idan ɗan haya ne a ciki, dokar da aka kafa a 2009, wadda aka mayar ta dindindin a 2018, ta ba shi aƙalla kwana 90 na sanarwa, wani lokaci ma har ƙarshen yarjejeniyar hayarsa. Idan kuwa masu gidan ne suka ƙi fita, sabon mai gida ne zai kai su kotu, ya tsaya yana kallo jami'i yana fitar da kayansu bakin titi, da gadon yara da tukwane da hotunan bango. 'Yan kasuwa kan biya mazaunin wasu kuɗi don ya miƙa makulli cikin lalama. Yana da kyau matashi ya tambayi zuciyarsa tun da wuri ko zai iya wannan aiki, domin wanda aka yi wa tarbiyya a gidan da ake jin nauyin maƙwabci ba lalle ya iya barci a ɗakin da ya kori wata uwa da 'ya'yanta ba.

Saboda haka wanda gidansa na farko yake nema, kuma kuɗinsa na gumi ne, ya bar gwanjon ƙofar kotu ga masu sana'ar. In yana son ya koyi harkar, ya je ya tsaya ya yi kallo, hannunsa a aljihu.

Gidan da ya riga ya koma hannun banki ya fi sauƙin mu'amala nesa ba kusa ba. Galibi an fitar da mazauna, banki ya biya harajin da ya taru, ana iya shiga a duba, ana iya saye da bashi. Manyan cibiyoyin bashin gidaje su ma suna da irin waɗannan gidaje: Fannie Mae tana tallan nata a shafin HomePath, Freddie Mac a HomeSteps, ma'aikatar gidaje ta tarayya, HUD, ita ma tana da nata shafin. Akwai wata dama da matasa da yawa ba su sani ba: a kwanakin farko na tallan, waɗanda za su zauna a gidan da kansu da ƙungiyoyin jin ƙai kaɗai ake karɓar tayinsu, 'yan kasuwa sai su jira. A 2021 aka ƙara wannan wa'adi daga kwana 20 zuwa 30 a gidajen Fannie Mae da Freddie Mac. Sharaɗin shi ne mutum ya sa hannu cewa shi zai zauna a ciki, kuma yin ƙarya a nan laifi ne da ake hukuntawa.

Matsalar irin wannan gida ita ce zaman kaɗaici. Gidan Amurka na katako ne da allon bango mai laushi, ba ya jure watsi. A jihohin sanyi kamar Ohio da Michigan, in aka yanke wuta da gas ba a zuƙe ruwan bututu ba, ruwan zai daskare ya fasa bututun, da bazara ta shigo ya narke ya jiƙa bango daga ciki. Mai shiga zai fara jin warin ruma tun daga bakin ƙofa, ya ga baƙin tabo yana hawa bango daga ƙasa, katakon daɓe ya kumbura yana motsi a ƙarƙashin ƙafa. A ɗakin ƙasa yana iya tarar da bango a fashe inda ɓarayi suka zare wayoyi da bututun tagulla. Wani lokaci tsohon mai gidan ne da kansa, cikin ɓacin rai, ya tafi da murhu da firiji har da ƙofofin kabad. A Arizona da Nevada, a shekarun rikicin, kududdufan ninƙaya na gidajen da aka bari sun koma kore shar, sauro ya yi ta hayayyafa har hukumomin lafiya suka shiga tsakani.

Banki yana sayarwa ne a yadda gidan yake. Bai taɓa kwana a ciki ba, don haka a jihohi da yawa ba a tilasta masa ya bayyana aibin gidan kamar yadda ake tilasta wa mai gida na gari. Nan ne 'yan ɗaruruwan dalolin da ake biyan ƙwararren mai duba gini suke da daraja fiye da kowane kuɗi a cinikin. A nemi a maido da ruwa da wuta da gas kafin ranar dubawa, in ba haka ba rabin aibin ba zai fito ba. A sa kyamara a bututun bahaya. Idan an gina gidan kafin 1978, a bincika fenti mai dalma, musamman in akwai ƙananan yara. Gidan da ya lalace sosai bashin yau da kullum da hukumar gidaje ta FHA ke tsaya wa, mai kafin alƙalami na kashi 3.5 cikin 100, ba zai hau kansa ba, sai dai nau'in da ake kira 203(k), wanda ke haɗa kuɗin saye da na gyara wuri ɗaya.

Sai batun takardar mallaka, wanda tarihi ya nuna ba abin wasa ba ne. A ƙarshen 2010 aka gano ma'aikatan wasu manyan bankuna suna sa hannu a dubban takardun rantsuwa na ƙwace gida ba tare da sun karanta ba. Wannan ya kai ga sulhun Fabrairun 2012, inda Bank of America da JPMorgan Chase da Wells Fargo da Citi da Ally suka amince da dala biliyan 25 a yarjejeniya da gwamnatin tarayya da jihohi 49. A Janairun 2011 babbar kotun jihar Massachusetts ta soke ƙwacen wasu gidaje biyu saboda bankunan sun kasa nuna cewa jinginar tana hannunsu a lokacin da suka yi gwanjon. A Oktoban shekarar kotun ta ƙara da hukuncin da ya fi shafar masu saye: wani mutum da ya sayi irin wannan gida daga banki a garin Haverhill, ya kashe kuɗi ya yi gini a wurin, an ce ba shi ne mai filin ba, domin bankin da ya sayar masa bai mallake shi bisa ƙa'ida ba tun farko. Maganin wannan shi ne inshorar mallaka ta mai gida, wadda ake biya sau ɗaya ranar kammala ciniki. Wadda mai ba da bashi yake tilastawa a saya shi kaɗai take karewa, don haka mai saye ya nemi tasa daban.

Cinikin giɓi wani yanayi ne dabam. Gidan yana hannun mai shi, galibi yana ciki, fitila tana ci, ruwa yana zuwa, ana share ƙofar gida. Mai saye zai shiga ya duba, ya tambayi shekarun rufi, ya ji ko ɗakin ƙasa yana yoyo in an yi ruwan sama, a jihohi da yawa kuma dole mai gidan ya rubuta aibin da ya sani. Ta fuskar lafiyar gini wannan ya fi gidan ƙwace a mafi yawan lokuta, ko da yake wanda ya kasa biyan bashi da wuya ya iya sauya rufi.

Abin da ake biya a nan haƙuri ne. Mai gida zai sa hannu a kan tayi, amma sa hannunsa bai gama komai ba, tunda banki ne zai yi asara, kuma shi ne mai maganar ƙarshe. Mai gida zai tura takardar bayanin halin da ya shiga, ko rashin aiki ne ko ciwo ko mutuwar aure, da takardun albashi da na haraji da na asusun banki. Banki zai aiko nasa mai ƙiyasi. Sau da yawa kamfanin da ke karɓar biyan wata-wata ba shi ne mai bashin ba, sai ya nemi izinin ainihin mai shi, wani lokaci har da kamfanin inshorar bashin. In akwai bashi na biyu, shi ma sai mai shi ya yarda ya saki, kuma yakan ja ciniki domin ɗan abin da zai samu kaɗan ne. A shekarun rikicin mutane sun yi wata shida, wasu fiye, suna jiran amsa. Jinkirin ya yi yawa har a 2012 aka umarci masu kula da bashin Fannie Mae da Freddie Mac su ba da amsa cikin kwana 30, hukuncin ƙarshe kuma kada ya wuce kwana 60, aka kuma ƙayyade abin da za a ba mai bashi na biyu a kan dala 6,000. Duk da haka, wanda hayarsa za ta ƙare nan da wata biyu, ko aka sa ranar tarewar amarya, kada ya jingina da cinikin giɓi. Yana cikin jira ma gwanjon ƙwace yana iya riskar gidan, ciniki ya watse.

Farashin da aka rubuta a talla shi ma ba abin dogaro ba ne. Wani dillali yakan sa shi ƙasa don ya jawo tayi, banki kuma ya dawo da nasa farashin da ya ɗara wancan da dubbai. Tambayar farko ga dillali ita ce ko banki ya riga ya amince da wannan farashi a rubuce, ta biyu kuma basussuka nawa ne a kan gidan.

Akwai wani tarko da ya fi kusa da mutanenmu saboda zumunci. A ce kawu ne ko wani dattijon masallaci gidansa yake shirin tafiya. Abin da zai fara zuwa zuciyar yaron kirki shi ne ya sayi gidan da sunansa a farashi mai sauƙi, ya bar dattijon ya ci gaba da zama, daga baya a mayar masa. Niyya ce mai kyau, amma a kusan kowane cinikin giɓi mai saye da mai sayarwa suna sa hannu a takardar rantsuwa cewa babu dangantaka ta jini ko ta kasuwanci a tsakaninsu, kuma babu wata yarjejeniya ta ɓoye. Wanda ya rantse a kan ƙarya ya shiga laifin zambar banki, laifin tarayya ne, ga wanda bai zama ɗan ƙasa ba kuma yana iya taɓa takardun zamansa. Haka duk kuɗin da aka ce a miƙa a bayan fage, ko ga mai gida ko ga mai bashi na biyu, ba tare da an rubuta shi a takardar kammala ciniki ba. Mai son taimakon dattijo ya raka shi wurin lauya ko mai ba da shawara kan gidaje, a nemi sassaucin biya daga banki a fili.

Ga mai sayarwa, cinikin giɓi ya fi rufin asiri. Wanda aka ƙwace wa gida sai ya jira shekara 7 kafin ya sake samun bashin gida a ƙarƙashin ƙa'idar Fannie Mae, wanda ya yi cinikin giɓi kuwa shekara 4. Yana fita da ƙafarsa a ranar da ya sani, ba jami'i a ƙofa. Gwamnatin Obama ta ƙarfafa wannan hanya da shirin HAFA da ya fara a Afrilun 2010, wanda ke ba mai gida dala 3,000 na kuɗin ƙaura, daga baya aka ƙara zuwa 10,000, kafin a rufe shi a ƙarshen 2016. Kalifoniya ta kafa doka a 2011 da ta hana bankunan da suka amince da cinikin giɓi na gidan zama su sake bin mai gida cikon kuɗin. A wasu jihohi sai an rubuta yafiyar ɓaro-ɓaro a takardar amincewar banki. Mai saye mai mutunci ba zai ga mutum cikin matsi ya riƙa yi masa wulaƙanci ba: ya zo duba gida a lokacin da aka yi alƙawari, ya gaida mutanen gida, kada ya tsaya a tsakar falonsu yana lissafin bangon da zai rushe yara suna ji.

To arahar fa, nawa ce? Wani bincike da John Campbell na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa biyu suka wallafa a 2011, bayan nazarin cinikin gidaje na fiye da shekara 20 a Massachusetts, ya nuna gidajen ƙwace suna faɗuwa da kimanin kashi 27 cikin 100 ƙasa da darajarsu. Adadi ne mai jan hankali, amma wani ɓangare na rangwamen kuɗin lalacewa ne da mai saye zai biya daga baya. A ce an samu gidan dala 220,000 a kan 180,000. Rufi ya ci 14,000, na'urar ɗumama da sanyaya ɗaki 9,000, bututu da ruma 12,000, ga haya ta wata uku da ake ci gaba da biya kafin gyara ya ƙare. Dala 40,000 ɗin da aka yi murna da ita ta kusa ƙarewa, ba a ma sayi firiji ba. Rangwamen cinikin giɓi yakan fi ƙanƙanta, domin banki yana auna tayi da ƙiyasin kasuwa, amma abin mamakin da ke ɓoye a bango shi ma ya fi ƙanƙanta.

Masu gudun riba suna da hanyoyi a Amurka, kamar Guidance Residential da ya fara aiki a 2002 da tsarin haɗin gwiwar da rabon kamfani ke raguwa har gidan ya zama na mai zama, da UIF a Michigan, da Devon Bank a Chicago. Su ma sai sun ƙiyasta gida sun tabbatar yana zaunuwa, don haka kuɗinsu ba ya zuwa gwanjo. Wanda zai bi ta wurinsu ya tambaye su tun kafin ya yi tayi ko suna karɓar gidan banki ko cinikin giɓi, da tsawon lokacin da amincewarsu za ta yi kafin ta ƙare, domin jiran banki yana iya wuce wa'adin.

Kasuwar yau ba ta 2010 ba ce. Bayan dakatar da ƙwace gidaje da aka yi a lokacin korona daga Maris 2020 zuwa ƙarshen Yulin 2021, adadin gidajen da aka shigar da takardun ƙwace a kansu ya sauka zuwa kimanin 151,000 a 2021, ya hau zuwa kimanin 357,000 a 2023. Farashin gidaje ya tashi sosai, don haka yawancin waɗanda suka shiga matsi suna iya sayarwa a kasuwa su biya bashi har su rage canji. Cinikin giɓi ya yi ƙaranci, gidajen ƙwace masu kyau kuma ana rububinsu. Matashin da ya kafe sai irin waɗannan yana iya ɓata shekara yana nema, alhali wani tsohon gida na gari da ke buƙatar fenti da sabon kafet yana nan a unguwar da yake so.

Wanda yake da ajiyar kuɗin gyara, ya san magini amintacce, kuma yana son ya tare cikin wata biyu, gidan da ke hannun banki ya fi dacewa da shi, musamman a kwanakin da aka keɓe wa masu zama. Wanda ajiyarsa ba ta da yawa amma hayarsa ta wata-wata ce, ba abin da ke korarsa, cinikin giɓi ya fi masa. Kowanne ya zaɓa, ya fara zama da mai ba da shawara daga hukumomin da HUD ta amince da su, waɗanda ke aiki kyauta ko da kuɗi kaɗan, ya ɗauki dillalin da ya taɓa kammala irin wannan ciniki, ba don ɗan gari ne kawai ba. A cikin yarjejeniyar kuma a rubuta cewa yana da damar janyewa da kuɗin ajiyarsa in dubawa ta nuna babban aibi, ko in banki bai amsa ba zuwa wata rana da aka ambata, sannan kwanakin dubawa su fara ƙirguwa daga ranar da amincewar banki ta iso a rubuce.